Amsoshin Tambayoyinku: Me Za Mu Sa A Gaba Cikin Rahoton Ɗorewa?

TAMBAYA: Ni akanta ne a wani ƙaramin kamfanin binciken kuɗi da ba da shawara. Yawancin waɗanda muke wa aiki ƙungiyoyin manoma ne da 'yan kasuwar hatsi na Gwarzo da Kabo. Maigidanmu ya ce mu fara shirya rahoton ɗorewa. Mu kuwa ba masana'anta gare mu ba, ba hayaƙi, ba dagwalo. Me za mu rubuta, da me kuma za mu fara?
Daga mai karatu a Gwarzo.

AMSA: Malam, tambayarka ta zo a kan gaɓa, maigidanka kuma ya yi hangen nesa. A watan Yunin 2023 hukumar ISSB ta duniya ta fitar da ƙa'idoji biyu na rahoton ɗorewa, IFRS S1 da S2. A 2024 hukumar FRC mai kula da rahoton kuɗi a Najeriya ta tsara yadda za a bi su: wajibi ne ga manyan kamfanoni daga 2028, ƙanana da matsakaita kuwa daga 2030. Ka ga da sauran lokaci, amma da sanyin safiya ake kama fara.

Ku fara da jero duk abin da ya taɓa aikinku: dizal ɗin janareta, takarda, albashi da horon ma'aikata, ɗaukar mata aiki, sirrin abokan hulɗa, cin hanci, sauyin yanayi. Jerin zai yi tsawo, taura biyu kuwa ba ta taunuwa, sai a tankaɗe. Rariyar farko ita ce ta IFRS: wane batu ne zai iya taɓa kuɗin kamfani, har mai ba ku bashi ko mai zuba jari ya sake shawara? Ta biyu ta GRI ce, wani tsarin rahoton ɗorewa na duniya: ina ne aikinku ya fi cutar da mutane da muhalli, ko ya fi amfanar su? A nan ana duba girman illar, yawan waɗanda za ta shafa, da ko tana gyaruwa.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau. Kamfani irin naku, nauyinsa yana cikin sa hannunsa da hatiminsa. Ɗauki manomin rani a bakin madatsar Guzuguzu a Kabo. Ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa daga ƙungiyarsu, ya dasa tumatir da albasa. In ruwa ya janye da wuri, ko tsutsa ta faɗa wa tumatirin, bashin nan ba zai biyu ba. Littafin ƙungiyar kuwa a teburinka yake. Ka buga hatimi ba tare da ka nuna wannan haɗarin ba, banki zai ƙara ba da bashi a makance, ranar da abin ya rushe kuma manomi ne zai sayar da awakinsa. Wannan illa ta fi ta hayaƙin janaretanku nesa ba kusa ba. Don haka a irin aikinku, gaskiya a bincike, riƙon sirri da ingancin shawara su ke hawa sama, sannan ma'aikata, sannan dizal da takarda.

Kada ku yanke hukunci a ofis kaɗai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku je ku zauna da shugabannin ƙungiyoyin, da dillalan hatsi ranar kasuwar Getso, da matan da ke adashi da sana'ar gyaɗa, da ƙananan ma'aikatanku ba a gaban maigida ba. Ku tambaye su abin da ya fi damunsu game da aikinku, ku rubuta yadda suka faɗa.

Daga nan ku zaɓi batutuwa biyar ko shida, shugabannin kamfani su amince, kowane batu a ba shi mai kula da ma'auni da wa'adi. Ku bayyana dalilin ɗaukar wannan da barin wancan, ku sake dubawa duk shekara. Inda kuka gaza ma ku faɗa. Ku da kuke binciken littattafan mutane, naku ya kamata ya fi kowane tsabta. Allah ya yi jagora.