Amsar Tambaya: Lissafin Kariyar Sanyi a Bangon Rumfar Gimshiƙai

Wani makaranci daga jihar Ohiyo ta Amurka yana tambaya: shin lambar R-19 (ma'aunin ƙarfin tare zafi) da ke jikin audugar gilashin da ya saya ta isa hukuma ta amince da bangon rumfarsa mai gimshiƙan katako?

Malam, ba ta isa ba. Lambar ta audugar ce kaɗai, alhali zafin ɗaki yana sulalewa ta gimshiƙai da katakan gicciye, tunda inci ɗaya na katako kusan R-1.25 ne kawai. Don haka bangon gaba ɗaya ake aunawa.

A misali, a ce katako ya ci kashi 10 cikin 100 na bangon, kuma kaurinsa ya ba da R-7. Raba 0.9 (kason audugar) da 19, raba 0.1 (kason katakon) da 7, ka haɗa: 0.062. Raba 1 da wannan, ka samu R-16. Idan kwano ya matse audugar a kan katako, abin zai ƙara raguwa, kuma nan ne magina suka fi yin sakaci.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka tana da manhajojin REScheck da COMcheck kyauta, masu yin irin wannan lissafi. Amma kafin ka sayi komai, Malam, ka je ofishin duba gine-gine na yankinku, domin rumfar da ba a ɗumamawa galibi dokar kariyar sanyi ba ta hau kanta ba.