Yadda Za Ka Yi Amfani Da Wayarka Wajen Koyon Amsa Tambayoyin Turanci A Kan Karatu

Yau za mu ɗan ajiye maganar farashin waya da sababbin manhajoji, mu duba yadda wayar da ke hannunka za ta taimaka maka wajen gyara bakinka a Turanci.

Bara wani kamfani na ƙasar waje ya kira ni hira ta bidiyo domin aikin rubuta manhaja daga gida. Na kwana uku ina bitar JavaScript, na sayi data, na yi cajin waya da kwamfuta, har na roƙi yaran gidanmu su yi nisa da ɗakina. Muna gama gaisawa sai matar da ke yi mini tambayoyi ta ce: "Before we start, what do you like to read in your free time?" Na ce mata, "I read documentation." Daga nan na yi shiru. Ita ma ta yi shiru tana jiran ci gaba, ni kuwa kaina ya ɗauke kamar wayar da ta rasa sabis. Ban samu aikin ba. Ba zan ce wannan ce kaɗai ta kayar da ni ba, amma tun daga wannan tambayar na rikice, har abubuwan da na sani suka riƙa kuɓuce mini.

Abin haushin shi ne ina karatu kullum, kuma na fahimci tambayar sarai. Matsalata ita ce bakina bai taɓa faɗin waɗannan abubuwan da Turanci ba. Yawancinmu da muka yi sakandare haka muke: muna karantawa, muna rubutawa a WhatsApp, amma idan aka zo magana sai harshe ya yi nauyi.

Me ya sa muka zaɓi batun karatu?

Saboda tambaya ce da ke yawan fitowa. Ana yin ta a hirar neman aiki, da hirar neman tallafin karatu, da kuma jarrabawar IELTS, wadda jami'o'i da hukumomin shige da fice na ƙasashe irin su Birtaniya da Kanada da Ostireliya ke karɓa.

Ɓangaren magana na IELTS yana ɗaukar minti 11 zuwa 14, kuma da mutum za ka yi shi, ba da na'ura ba. Kashi uku ne. A kashi na farko, minti 4 zuwa 5, za a yi maka tambayoyi a kan rayuwarka ta yau da kullum, kamar gida da aiki da abinci da karatu. A kashi na biyu za a ba ka kati mai ɗauke da batu, a ba ka minti 1 ka shirya, sannan ka yi magana har zuwa minti 2. A kashi na uku, minti 4 zuwa 5, za ku tattauna batun a faɗaɗe. Abubuwa huɗu ake dubawa: yadda maganarka ke tafiya a tsare ba tare da yawan sarƙewa ba, yawan kalmominka, nahawu, da lafazi. Maki mafi girma shi ne 9.

Ko ba ka da niyyar rubuta jarrabawar, tsarinta hanya ce mai kyau ta atisaye.

Tsarin amsa: Amsa, Dalili, Misali

Kuskurena a waccan hirar shi ne na ba da amsa kalma uku na tsaya. Maganin wannan shi ne ka saba wa bakinka da jimloli uku:

1. Amsa: faɗi abin da aka tambaye ka kai tsaye.
2. Dalili: me ya sa haka?
3. Misali: kawo wani abu daga rayuwarka.

Jimla biyu zuwa huɗu sun isa a tambayoyin kashi na farko. Ga yadda abin yake a aikace.

*Do you like reading?*

"Yes, I do, although I don't read as much as I'd like to. It helps me relax after work. Most nights I read a chapter or two on my phone before I go to sleep."

Ka lura: jimla ta farko amsa ce, ta biyu dalili, ta uku misali.

*What kind of books do you like?*

"I mostly read Hausa novels, especially stories about family life, because the characters talk like people I know. I also read articles about phones, since I work in technology."

Kada ka ji kunyar ambatar littattafan Hausa. Mai jarrabawa ba ya auna girman littafin da ka karanta, Turancin da ka yi bayaninsa da shi yake aunawa. 'Yar'uwar da ke bin labari shafi-shafi a Wattpad ko a zauren WhatsApp tana da abin faɗa fiye da wanda ya ambaci Shakespeare bai taɓa buɗe shi ba. Da zarar an tambayi wannan na biyun "Why did you like it?" asirinsa ya tonu.

*Do you prefer paper books or reading on a screen?*

"I prefer reading on my phone, mainly because it's cheaper and it's always in my pocket. The only problem is notifications. One message comes in and I forget the story."

*Did you read a lot when you were a child?*

"Not really. We didn't have many books at home. But my older brother had a copy of Magana Jari Ce, a collection of Hausa tales by Abubakar Imam, and I read it again and again."

A nan akwai dabara guda: idan ka ambaci sunan Hausa, ka biyo shi da ɗan gajeren bayani, domin mai sauraronka wataƙila bai taɓa jin sa ba.

To idan gaskiyar ita ce ba ka son karatu fa? Faɗi gaskiyar, amma ka cika jimlolinka: "To be honest, I'm not much of a reader. I find it hard to sit still with a long book, so I usually listen to the radio or watch videos instead." Wannan cikakkiyar amsa ce.

Gargaɗi: kada ka haddace waɗannan amsoshi nawa. Masu jarrabawa suna gane haddatacciyar amsa daga yadda murya ke tafiya kamar mai tilawa, kuma ba ta kawo maki. Ka ɗauki tsarin, ka zuba labarinka a ciki.

Kura-kurai huɗu da muka fi yi a wannan batu

Na farko, "I use to read every night" da nufin kana yi kullum. A Turanci "used to" na nufin abin da kake yi a da, yanzu ka daina. Idan har yanzu kana yi, ka ce "I usually read every night."

Na biyu, "My friend borrowed me the book." Wannan daga Hausa ya samo asali, domin mu da kalma ɗaya muke cewa "na ari littafi" da "ya ara mini littafi". Turanci ya raba su. Mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Sai ka ce "My friend lent me the book" ko "I borrowed the book from my friend."

Na uku, "I prefer novels than newspapers." Kalmar "prefer" da "to" take tafiya: "I prefer novels to newspapers."

Na huɗu, "I am interesting in history." Littafi ne ke zama "interesting", kai kuma "interested": "I'm interested in history."

Lafazi

Hausa ba ta bambanta p da f, kuma ba ta da v. Shi ya sa kalmomin wannan batu suke kama mu: "prefer", "paper", "page", "chapter", "novel", "favourite". Wajen furta p, ka haɗe leɓɓanka biyu ka sake su da ɗan fashewar iska. Wajen f da v, haƙoranka na sama ne za su taɓa leɓenka na ƙasa. Ka buɗe kyamarar gaba ta wayarka ka kalli bakinka kana faɗin "I prefer paper books" a hankali.

Sai kalmar "read". Rubutunta ɗaya ne a yanzu da a baya, amma furucin ya bambanta. A "I read every day" ana jan ta, a "I read it last year" kuma ana furta ta kamar "red" mai nufin ja.

Mataki-mataki da wayarka

Mu masu rubuta manhaja mun san ba ka gyara kuskuren da ba ka gani ba. Haka magana take: sai ka ji kanka sannan za ka gyara.

Mataki na 1: Ka rubuta tambayoyin nan huɗu a takarda ko a manhajar rubutu ta wayarka. Tambayoyin kawai, ban da amsa.

Mataki na 2: Ka buɗe manhajar ɗaukar murya. Yawancin wayoyi suna zuwa da ita, kuma ba ta cin data. Idan ba ka same ta ba, shiga WhatsApp, danna alamar sabuwar hira, za ka ga lambarka a saman jerin sunaye, sai ka riƙa tura wa kanka saƙon murya. Karanta tambaya, ka amsa nan take a cikin daƙiƙa 20 zuwa 30. Ko ka yi kuskure kada ka tsaya.

Mataki na 3: Ka saurara sau biyu. A karo na farko ka ƙirga "eh" da "um" da shirun da ka yi. A karo na biyu ka nemi kuskure ɗaya tak na nahawu. Muryarka za ta yi maka banbaraƙwai a farko, kowa haka yake ji.

Mataki na 4: Ka gwada lafazinka da Gboard. Buɗe wurin rubutu, tabbatar harshen madannin yana kan Turanci, danna alamar makirufo, ka faɗi amsarka. Wayar za ta rubuta abin da ta ji. Ni lokacin da na fara, in na ce "novel" sai ta rubuta "noble", in na ce "past" ta rubuta "fast". Amma ka sani manhajar tana hasashe daga sauran kalmomin jimla, don haka wani lokaci takan rufa maka asiri. Ka riƙa gwada kalmomin da kake shakka ɗaya-ɗaya.

Mataki na 5: Duk kalmar da ta ƙi, ka neme ta a shafin Cambridge Dictionary. Akwai maɓallin lasifika biyu, na lafazin Birtaniya da na Amurka. Ka saurara, ka maimaita sau biyar. Ba a neman ka koma Bature a magana, ana neman a fahimce ka ba tare da wahala ba.

Mataki na 6: Ka sake ɗaukar amsar, ka kwatanta da ta farko. Kada ka goge tsofaffin. Ka sa musu kwanan wata, domin ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba, su ne za su nuna maka inda ka faro.

Domin kunnenka ya saba, shirin 6 Minute English na BBC Learning English kyauta ne kuma yana da rubutaccen bayani. Idan a YouTube kake kallo kuma ya yi maka sauri, ka rage gudunsa zuwa 0.75 a wurin saiti.

Atisayen minti 2

Idan gajerun amsoshi sun zauna, ka gwada na kashi na biyu: "Describe a book you enjoyed reading." Saita agogon wayarka a minti 1, ka rubuta kalmomi kaɗan a kan abu huɗu: sunan littafin, yaushe ka karanta shi, me ya ƙunsa, me ya sa ka so shi. Kada ka rubuta jimloli, lokacin ba zai isa ba. Sannan ka saita minti 2 ka fara magana. Karon farko da na gwada, a daƙiƙa 40 na ƙare. Abin da ya taimake ni shi ne ba da labari: wa ya ba ni littafin, a ina nake zama in karanta, wane wuri ne ya ba ni dariya, wa na ba wa bayan na gama.

Maganar ChatGPT da Gemini

Dukansu suna da hira ta murya, kuma suna da amfani ga wanda ba shi da abokin atisaye. Ka ce masa: "Ask me questions about my reading habits, one at a time. After each answer, tell me one mistake." Sai dai ka kiyaye abu biyu. Suna cin data fiye da ɗaukar murya, kuma suna da yawan yabo. Idan ya ce maka amsarka ta kai maki 8, kada ka ɗauki wannan a matsayin sakamako. Kuma kada ka bari ya rubuta maka amsa ka haddace, domin ranar hira ba ya ɗakin. Idan kana da aboki mai irin burinka, ku riƙa musayar saƙon murya, shi ya yi tambaya kai ka amsa, gobe ku juya. Kunyar mutum daban take da ta na'ura, kuma ita ce kake buƙatar ka karya.

Jadawalin mako guda

Minti 15 a rana sun isa. Litinin da Talata, tambaya biyu-biyu da ɗaukar murya. Laraba, lafazi da Gboard. Alhamis, atisayen minti 2. Juma'a, sauraro kawai. Asabar, hira da aboki ko da manhaja. Lahadi, ka saurari na Litinin ka kwatanta da na Asabar. Mako mai zuwa sai ka canza batu zuwa abinci ko garinku ko aikinka, tsarin amsar bai canzawa.

Ni wata uku na yi ina wannan bayan sallar isha'i. Har yanzu ina kuskure, kuma p takan kuɓuce mini idan na yi sauri, amma na daina yin shiru bayan kalma uku. Sannu ba ta hana zuwa. Yau da daddare ka buɗe manhajar ɗaukar murya, ka amsa tambaya ta farko, ka ajiye ta da kwanan watan yau.

Allah ya ba mu sa'a, sai mun haɗu a darasi na gaba.