Rage ƙiba ba tare da jigata jiki ba: shawarwari goma ga gidajen Sifawa

A Sifawa, kamar sauran garuruwan ƙasar Bodinga da Shagari, idan mutum ya yi jiki sai a ce hutu ya karɓe shi. Amarya ta yi 'yan watanni a ɗakinta ta cika ta batse, dangi su yi ta sa wa ango albarka. Magidanci ya ajiye tumbi, a ce arziki ya zauna. Mai jikin ne kaɗai ya san abin da yake ji. Daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya yi haki, gwiwa na ƙara in zai yi sujada, da dare ga minshari da yawan fitsari, da safe ya tashi kamar bai kwanta ba.

Ba lalaci ne ya jawo wannan ba. Aikin da ke cinye abincin da muke ci shi ne ya bar hannunmu. Injin niƙa ya karɓe surfe da daka, kabu-kabu ya karɓe tafiyar ƙasa, mai shago da ma'aikacin ƙaramar hukuma da direba suna wuni a zaune. Malmalar tuwo kuwa tana nan yadda take tun lokacin da kowa ke wuni a gona, har an ƙara mata lemon kwalba da taliya da shayi mai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Waɗannan shawarwari na wanda ya yi shekaru bai motsa jiki ba ne, jikin ya yi nauyi, yana son farawa amma yana tsoron abin da zai biyo baya.

1. A fara da awo, kafin a fara tattaki. Je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko Babban Asibitin Bodinga, a auna maka hawan jini da suga da nauyi. Duka ukun ba sa ɗaukar lokaci. Mutane da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba, domin ciwo ne da ba ya yawan nuna alama. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to akwai magana. Wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji, ko ƙafafunsa ke kumbura, ko numfashi ke yi masa wuya in ya kwanta, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, lalle ya ga likita tukuna, ko da za a tura shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mai juna biyu ba ta cikin masu rage nauyi. Tafiya na da amfani gare ta, amma ta bi abin da aka gaya mata a wurin awon ciki.

2. San inda kake, ka sa buri ƙarami. Ma'aikatan lafiya suna raba nauyin mutum da tsawonsa sau biyu. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.7, in aka raba 95 da 1.7, aka sake raba abin da ya fito da 1.7, za a sami kusan 33. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 ƙiba ce sosai. Akwai dabarar da ta fi wannan sauƙi a gida. Samu igiya a auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai saman cibiya. In ta kasa haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuma kitsen da ya fi jawo ciwon suga da na zuciya.

Kada ka ce sai ka koma jikinka na samartaka. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa a ga canji a hawan jini da suga. Ga mai kilo 100, kilo biyar zuwa goma ke nan, a cikin wata shida. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2002, ya bi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar magani. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau, kuma ba a so a wuce kilo ɗaya.

3. Tafiya ce farko, kuma 'yar kaɗan. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Mutum ya ji wa'azin likita, zuciya ta ɗebe shi, washegari ya fita sassarfa ko ya shiga ƙwallo da samari. Kwana uku yana jinyar gwiwa da baya, daga nan ya rantse motsa jiki ba nasa ba ne. Wanda nauyinsa ya zarce ƙima da kilo 25, tamkar yana ɗauke da jarkar ruwa cike ce duk inda ya sa ƙafa, kuma babu mai hankalin da zai ce a yi gudu da ita.

A makon farko, minti biyar zuwa goma sun wadatar. Fita daga gida, yi tafiyar minti biyar, juyo. Kowane mako ƙara minti biyu ko uku. In mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, kada ka ƙara. Inda ake son kaiwa shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa baligi, wato aƙalla minti 150 a mako, minti 30 sau biyar. Ko wata uku aka ɗauka kafin a kai can, babu laifi. Sannu ba ta hana zuwa. Ba dole ba ne kuma a yi su a tashi ɗaya: goma bayan Asuba, goma bayan La'asar, goma bayan cin abincin dare, lissafinsu ɗaya ne. Ta bayan cin abinci ma ta fi amfani ga mai suga, domin tsoka na janye sugan daga jini a lokacin da yake hawa.

Ma'aunin sauri shi ne numfashi. In kana iya gaisawa da mutane kana amsa gaisuwa, amma ba ka iya jan dogon karatu, to ka yi daidai. In magana ta gagara, rage. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zufa mai sanyi, ko ciwo na gangarowa hannun hagu ko muƙamuƙi, tsaya nan take, a kai ka asibiti.

Ina ganin babu dabarar da ta kai ɗaura tafiya a kan abin da dama kullum sai an yi shi. Masallaci sau biyar a ƙafa, a zaɓi hanyar da ta fi nisa wajen dawowa. Kasuwa, gaisuwar iyaye, raka yara makarantar allo, duk a bar babur a zaure. Mai jin nauyin a gan shi ya fito atisaye da shekarunsa da rawaninsa, wannan ta raba shi da kunya, domin babu mai tambayar wanda ya nufi masallaci ina za shi.

4. Kula da rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma jiki mai ƙiba ya fi jinkirin fitar da zafi. A bazara, tafiya sai bayan Asuba ko dab da Magariba. Sha ruwa kafin fita da bayan dawowa, sa tufa mara nauyi. Kada a naɗe ciki da leda ko a sa rigar sanyi wai don kitse ya narke. Zufa ruwa ce, da an sha ruwa nauyin ya dawo, ƙoda ce ke shan wahala. Da hunturu mai asma ya rufe hanci saboda ƙura. A kauce wa gefen babban titin Sakkwato zuwa Jega da duhun asuba, hanyoyin cikin gari sun fi aminci, kuma a tafi mutum biyu.

5. Uwargida ba sai ta fita ba. Ƙiba ta fi kama mata, musamman bayan haihuwa ta uku ko ta huɗu, kuma su ne suka fi rashin damar fita. Tsakar gida ta isa. Zagaya ta minti goma da safe kafin rana ta buɗe, ko a tsaya wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya kamar ana tafiya. Shara, wanki, ɗiban ruwa, dakan yaji ko fura a turmi, kada a sakar wa yara da 'yan aiki duka, a riƙe ɗaya ko biyu. Inda akwai abokiyar zama ko maƙwabciya, a sa lokaci ɗaya a yi tare.

Maigida, naka ya fi na kowa a nan. Kada ka yi mata dariya, kada ka bari yara ko dangi su yi. In ta fara ramewa, kai za ka tare masu cewa ba ka ciyar da ita. Hadisi ya tabbatar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu. Ba abin kunya ba ne miji ya raka matarsa tattaki da dare.

6. Ƙarfafa cinya don a ceci gwiwa. Sau biyu a mako, zauna a kujera mai ƙarfi ka miƙe, ka sake zama a hankali, sau biyar zuwa goma. Dafa bango da tafin hannu biyu, kusanto da ƙirji, ture kanka baya, shi ma haka. Kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu na matsi a kowane taku. A nemi takalmi mai rufi da taushin ƙasa ko na gwanjo ne, silifas ba na doguwar tafiya ba ne. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, domin ƙaramin rauni kan zame masa babba.

7. Fara da abin sha. Robar lemon kwalba ta rabin lita na ɗauke da sukari kusan giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu. Shi ne iyakar abin da aka yarje wa baligi a wuni guda, an ma fi so ya tsaya a rabin haka. Ƙara da shayin safe mai madarar gwangwani, da kunu, da zoɓo, da furar rana da aka zuba wa sukari. A rage rabin sukarin kowanne, bayan mako biyu a sake ragewa, harshe na sabawa. Fura da nono abinci ce cikakkiya, a ɗauke ta a matsayin abincin rana, kada a sha ta a kan tuwo.

8. Tukunya ɗaya, kwano daban. Ba sai an yi wa mai rage ƙiba girki na musamman ba, kuma gida ba zai iya ɗorewa da haka ba. Abin da za a canza shi ne rabo. Rabin kwano ganye da miya: zogale, rama, tafasa, alayyafo, kuɓewa, kabeji, da tumatir da albasar fadamarmu. Kwata tuwo ko shinkafa, misalin dunƙulen hannun mai ci. Kwata wake, kifi, ƙwai ko nama mara kitse. Mai malmala uku ya koma biyu, bayan wata ɗaya ya gwada ɗaya da rabi. Tuwon dawa da na gero sun fi riƙe ciki a kan farar shinkafa da burodi da taliya. Wanda ya saba cin abinci a tire ɗaya da jama'a, ya ɗebi nasa a ƙaramin kwano, don a taron hannu ba a sanin abin da aka ci.

Man girki shi ne ɓarawon da ba a gani. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja na da kalori kusan 120, abin da sai an yi tafiyar kusan minti 20 kafin a ƙone shi. A riƙa awon sa da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Masa, ƙosai, fanke da soyayyar awara su zama na wani lokaci. Gishiri kada ya wuce giram 5 a wuni, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Daddawa da tafarnuwa da citta suna rufe gurbin. In kwaɗayi ya taso tsakanin abinci, ga gwaiba, karas, kokwamba, goruba, ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya.

9. Guji maganin rama da na ƙiba. Shayin rage tumbi da garin da ake talla a kasuwa da waya, galibinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, kitse na nan. Wasu na taɓa hanta da ƙoda. Haka nan ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don su yi jiki kafin aure, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Daga cikinsu akwai Dexamethasone, mai kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, ta je likita ya janye mata shi a hankali. Mai shan maganin hawan jini ko na suga shi ma kada ya ajiye don ya ga ya fara ramewa, likita ne zai rage masa. Mai allurar insulin ko ƙwayar Daonil ya riƙa tafiya da dabino uku a aljihu, in ya ji rawar jiki da yunwa da zufa ya ci nan take.

10. Shirya wa ranakun da tsari zai karye. Biki, suna, Babbar Salla, zazzaɓi, aikin damina, duk za su zo. In an yi mako ba a fita ba, a koma da rabin mintin da aka tsaya a kai, a sake hawa. A watan azumi tattaki ya koma bayan buɗa-baki ko bayan Tarawihi, a buɗe baki da ruwa da dabino, a bar soye-soye su zama kala ɗaya a faranti. Mai suga ya ga likita tun cikin Sha'aban a daidaita masa magani. A nemi barcin awa bakwai, domin ƙarancin barci na ƙara yunwa. Awon nauyi sau ɗaya a mako ya isa, da safe, a sikeli ɗaya, a rubuta a takarda tare da awon igiya na kowane wata. Wani lokaci sikeli zai tsaya mako uku ko huɗu bai motsa ba, alhali zariyar wando na ƙara saki, hakin hanyar masallaci ya ragu. In ya kai wata uku a tsaye duk da ana bin tsari, a ɗauki takardar a koma wurin ma'aikacin lafiyar da ya yi awon farko, a duba tare.