Ilimin Tattalin Arziki: Wa Ke Yanke Farashi?

Bukatun ɗan Adam ba su da iyaka, amma abin biyansu ƙayyadadde ne. Manomin da ke da gona ɗaya, in ya shuka gyaɗa, to ya haƙura da auduga ke nan a wannan damina. Nazarin irin wannan zaɓe, na mutum ko na ƙasa, shi ake kira ilimin tattalin arziki.

RASSANSA

Manyan rassansa biyu ne. Na farko yana duban magidanci da ɗan kasuwa da kamfani, da yadda farashin abu guda ke hawa da sauka. Na biyu kuwa yana duban ƙasa baki ɗaya, watau hauhawar farashi, da rashin aikin yi, da darajar Naira.

TSARE-TSAREN ƘASASHE

A tsarin jari-hujja, kamar na Amurka, masana'antu na hannun masu jari, kasuwa ce ke yanke farashi. A tsarin gurguzu, kamar na Tarayyar Sobiyat wadda ta rushe a 1991, gwamnati ce ke mallakarsu, ita ke yanke farashi. Nijeriya ta gauraya biyun: 'yan kasuwa na harkarsu, gwamnati na sa ido.

IRE-IREN KASUWA

1. Kasuwar gasa. Masu sayarwa da masu saye suna da yawa, kamar a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Wanda ya tsawwala, sai mai saye ya matsa gaba.

2. Kasuwar babakere. Mai sayarwa ɗaya ne tak. Lokacin da tarho ke hannun NITEL, layukan ƙasar duka ba su kai miliyan 1 ba. Da aka ba kamfanonin wayar salula lasisi a 2001, gasa ta shigo, layuka suka zarce miliyan 100.

3. Kasuwar 'yan ƙalilan. Kamfanoni kaɗan ke riƙe da ita, kamar ta siminti. Haɗarinta shi ne su haɗa baki su ɗaga farashi.

4. Kasuwar mai saye ɗaya. Haka manoman gyaɗa da auduga da koko suka zauna da hukumomin sayen amfanin gona, suna karɓar farashin da aka yanke musu, har aka soke hukumomin a 1986.

ABIN LURA

Daga wannan bayani za a gane cewa duk inda gasa ta yi ƙaranci, talaka ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Don haka ne dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta haramta haɗa baki kan farashi. Jama'a, a taya kaya wuri biyu ko uku kafin a saya. In kuwa an ga alamar haɗin baki, sai a kai ƙara ga hukumar FCCPC.