Kada mai ƙirga baƙi ya kore maka baƙi

Ƙungiyar mata masu man kaɗe a Garu, ko dillalin albasa a Bawku, ko masaƙin fugu a Yendi, duk wanda ya buɗe shafin intanet abu ɗaya yake nema: mutumin Kumasi ko Tamale ya shiga, ya ga kaya, hankalinsa ya kwanta, ya turo kuɗi ta MoMo. To ga shi kowa ya san wani da 'yan damfarar waya suka yashe. Mai saye ya ga burauza ta rubuta masa "Not secure" kusa da adireshi, ba zai kira ka ya tambaya ba, fita zai yi.

Sau da yawa kuma shafin ba shi da laifi. An sa masa takardar shaidar tsaro, adireshinsa ya fara da https, komai daidai. Ɓarnar tana cikin ɗan guntun kod ɗin da aka liƙa shekarun baya don a riƙa sanin mutum nawa suka shigo, daga wane gari, me suka duba. Kod ɗin ba a shafinka yake zaune ba, daga wata saba ake kiransa duk lokacin da aka buɗe shafin. Idan adireshin kiran ya fara da http, babu harafin s, to ka sa wa ɗaki ƙofar ƙarfe ka bar taga a buɗe. Wanda ke tsakanin wayar mai saye da sabar, misali mai iko da wifi ɗin da ya hau, zai iya musanya kod ɗin a hanya da nasa, ya karanta suna da lambar wayar da aka rubuta a fom.

Shi ya sa burauza ba ta wasa da wannan. Tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa duk shafin http tambarin rashin tsaro. A shafin https kuwa, kod ɗin da ya zo ta http toshe shi ake yi kai tsaye. Ɗan hoton ƙirga da ke tafe da shi, wanda ido ba ya gani, sabbin burauza kan gwada ɗauko shi ta https, amma tsofaffi sai su nuna gargaɗi, kuma wayoyin da ba a sabunta ba saboda tsadar data suna da yawa a wajenmu. Asara biyu ke nan: wasu baƙi sun tsorata, kai kuma ka duba alƙaluma ka ga sifiri, ka ɗauka kasuwa ce ta mutu.

Gano shi ba wuya. Ka buɗe shafin a kwamfuta, ka danna F12, ka zaɓi Console. Duk layin da ya fara da "Mixed Content" zai nuna maka ainihin adireshin da ya jawo matsalar. Kada ka tsaya a shafin farko. Na oda da na tuntuɓa sun fi muhimmanci, nan ne mutum ke rubuta bayanansa.

Kafin ka ƙara s, ka kwafi adireshin, ka buɗe shi da https shi kaɗai. In ya buɗe, gyara ya samu. In bai buɗe ba, kamfanin ƙirgar ya tsufa, ka rabu da shi. Ni a ganina ma gara ka koma wajen kamfanin ka ɗauko sabon kod ɗungurungum da ka tsaya yi wa tsohon kwaskwarima. Masu Google Analytics su duba lambarsu: wadda ta fara da UA ta daina aiki tun 1 ga Yulin 2023, nauyi kawai take ƙara wa shafi. A goge ta, a sa mai farawa da G. A WordPress tsohon kod kan ɓuya a ƙasan shafi, cikin fayil ɗin footer.php ko wani akwatin gefe da wanda ya gina shafin ya manta da shi, har ka tarar da kod biyu suna ƙirga mutum ɗaya.

Wanda ya ɗora manhajar ƙirga ta Matomo a tasa sabar, a wani reshen adireshi daban, reshen ma yana buƙatar takardar shaidarsa. Let's Encrypt na bayarwa kyauta, sai dai a tabbatar tana sabunta kanta, don ranar da ta ƙare ƙirga zai tsaya ba sallama. Akwai kuma umarnin upgrade-insecure-requests da mai kula da saba zai iya sakawa, ya sa burauza ta mai da duk kiran http zuwa https. Yana taimako, amma ba ya rayar da adireshin da dama ba shi da https.

Tunda bayanan mutane kake tarawa, dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta shafe ka, don haka ka rubuta a shafin cewa ana ƙirga masu shigowa. In an gama gyara, ka share ma'ajin burauza, ka ari tsohuwar wayar wani a gida, ka buɗe shafin da data, ka bi shi har wajen biyan kuɗi.