Me Ke Sa Gilashin Mota Ya Yi Zanzana?

Duk wanda ya dubi gilashin gaban tsohuwar mota da hantsi zai ga ƙananan ramuka barkatai, kamar fuskar wanda ya yi zanzana. Wasu kan ce tsufa ne kawai, amma gilashi ba ya rarakewa don kansa. Babban mai laifi shi ne yashin da muke takawa kullum.

A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin duwatsu, daga 1 zuwa 10, inda lu'ulu'u ke kan 10. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2 da rabi, gilashi yana wajen 5 da rabi, amma ma'adinin da ya fi yawa cikin yashi yana kan 7. Ƙa'idar ita ce, abin da ya fi tauri shi ke karce ɗan'uwansa. Ashe ke nan yashi ya fi ƙarfin gilashi.

Hanya ta farko da yake yin ɓarna ita ce ta gudu. Tayoyin manyan motoci suna watso yashi da tsakuwa baya, tifa kuma tana zubar da kayanta a kan titi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kowace ƙwayar yashi da ta ci karo da ita sai ta ɓantari gilashin. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin dukan yakan ninka sau huɗu.

Hanya ta biyu ita ce shara. Lokacin hunturu ƙura kan lulluɓe gilashi. In aka goge shi da busasshen tsumma, ko aka kunna waifa babu ruwa, to an gurza shi ne da yashi. Wannan ke barin layuka masu lanƙwasa kamar baka.

Akwai kuma tartsatsin walda, wanda kan ƙona gilashi ya bar baƙin ɗigo, da ruwan rijiya mai gishiri, wanda kan bar farin tabo in ya bushe a rana.

Kada a raina waɗannan ramuka, domin da yayyafi kogi kan cika. Kowane rami yana tarwatsa haske. Da asuba ko da almuru, ko kuwa da dare in fitilar wata mota ta dallo, sai gilashin ya yi fari fat, direba ya kasa ganin mai keke ko yaron da ke tsallaka titi.

Saboda haka ya kamata direba ya ba manyan motoci rata, ya rage gudu a inda ake zuba tsakuwa, ya kwarara ruwa kafin ya goge gilashi, ya kuma sauya robar waifa in ta cinye. Gilashin da ramuka suka cika shi kuwa, wanki ba ya gyara shi, sai dai a sa sabo. Rigakafi ya fi magani.