Yadda Za Ka Nemo Wurin Ɗaukar Hoto Mai Kyau a Cikin Birnin Kano da Wayarka



Duk lokacin da na ɗora hoto a Instagram sai an tambaye ni wace waya nake riƙewa. Tecno ce, shekararta uku a hannuna, gilashin ma ya tsage ta gefe. Abin da ke fitar da hotunan shi ne ina sanin inda zan tsaya da ƙarfe nawa zan tsaya tun kafin in bar gida. Wannan shi zan koya muku yau, kuma da cikin garin Kano zan yi misali tunda nan na fi sani.

Fara leƙa wurin ta Google Maps

Kafin ka biya kuɗin adaidaita sahu, buɗe Google Maps ka rubuta sunan wurin, misali Gidan Makama. Ja shafin sama za ka ga hotunan da mutane suka ɗora. Kada ka tsaya kan na farko, yawanci tsofaffi ne. Nemi na baya-bayan nan, domin su za su nuna maka ko an sake fenti, ko an kafa rumfa a gaban bangon da kake hari. Haka za ka yi a Instagram: rubuta sunan wurin a wajen bincike, ka zaɓi ɓangaren wurare, ka ga ta ina mutane suke tsayawa.

Daga nan danna alamar nan mai kama da takardu biyu a jere da ke sama ta dama, ka juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan Adam. A nan ne ainihin aikin yake.

Ina bangon yake kallo?

A taswira, sama arewa ce, dama gabas, hagu yamma, matuƙar ba ka murɗa ta da yatsu ba. To duba ginin da kake so. Bangon da ke kallon gabas da safe yake samun haske, na yamma kuma sai bayan la'asar. Idan ka je wa bangon yamma da ƙarfe takwas na safe, inuwa za ka tarar, sararin sama a bayansa ya yi fari fat, fuskarka ta yi duhu.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba. Kano tana arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri 12, don haka daga Oktoba zuwa Fabrairu rana takan karkata ta kudu. Shi ya sa Ƙofar Kudu ta gidan Sarki take shan haske sosai a lokacin sanyi. Gidan nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Tsakanin sha ɗaya na safe zuwa uku na rana kuwa, ka huta kawai. Rana tana tsakiyar ka, inuwar hula ko ɗankwali tana sauka kan ido, kowa ya yamutse fuska. Awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin magariba su ne lokutan da jar ƙasar ginin gargajiya take fitowa kamar an shafa mata mai.

Wuraren da na gwada

Dutsen Dala ya koya mini darasi. Na hau shi a watan Janairu da nufin ɗauko gari gaba ɗaya, na sauko da hotuna kusan arba'in na hazo zalla. Dala na damina ne, washegarin ruwan sama, lokacin da ƙura ta kwanta kana hango hasumiyoyin Masallacin Juma'a na cikin gari tar. Shi kuwa hazo ba asara ba ne, yana tausasa haske, hoton fuska na kusa yana kyau a cikinsa.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ta fi daɗi da safe lokacin da marina ke bakin aiki. Shuɗin baba yana haɗuwa da fararen kaya ko ruwan ƙwai. Idan ka sa shuɗi, ka ɓace a ciki. Kasuwar Kurmi kuma lungunanta matsattsu ne, haske kaɗan ne, waya takan jinkirta ɗauka don ta tara haske, sai hoto ya yi dishi-dishi. Nemi inda rana ta ratso ta rufi ka tsaya a wurin, mai ɗauka ya riƙe wayar da hannu biyu. Wanda ke son zanen bango ba tare da cunkoso ba, ya gwada Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa.

A duk wuraren nan mutane ne ke neman abincinsu. Yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, in da hali ka sayi wani abu ko ka ba da na goro. A fada ka tambayi dogarai. Barikin soja, ofishin 'yan sanda da shingen bincike kuwa, ko da wasa kada ka nuna musu kyamara.

Saiti kaɗan

Goge gilashin kyamara da gefen riga, maiƙon yatsa ke jawo rabin hazon da ake ɗora wa waya laifinsa. Kunna layukan da ke raba allo gida tara don gini ya miƙe. Ɗauka a 4:3, daga baya ka yanke zuwa 4:5 na Instagram ko 9:16 na sitatus. Taɓa fuska a allo, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Kada ka matso da hoto da yatsu biyu, taka da ƙafarka.

Kada hoto ya ci wayar

Ƙwacen waya ba sabon labari ba ne a Kano, kuma mai ɗaukar hoto hankalinsa na kan allo. Ku je ku biyu ko uku, ɗaya yana ɗauka ɗaya yana kallon hanya, ku bar wurin kafin duhu. Kada ka tsaya tace hotuna a bakin titi.

Sannan ka jira sai ka koma gida kafin ka ɗora, musamman 'yan uwa mata, don kada sunan wurin ya sanar da kowa inda kike a daidai lokacin. Idan an kunna adana wuri a saitin kyamara, kowane hoto yana ɗauke da ainihin inda aka ɗauke shi a ɓoye. WhatsApp yana goge wannan bayanin idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu, da bayanin zai tafi. Shiga saitin kyamararka yanzu ka duba, in a kunne yake ka kashe.